Wa zai ɗaura maka zare?

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai ka daɗe kana ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki a Tudun Wada, yanzu ƙirji ya cika riga, kana so ka sa zare a kakar bana. Shi ne kake tambaya ko gaskiya ne 'yan damben da, irin su Shago da Ɗandunawa da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, suna da maganin zuciya da ake sha ko a tsaga a hannu mutum ya daina jin tsoro, kuma in akwai a ina ake samu. Ka ƙara da cewa ba ka ga dalilin da al'ada za ta ce sai yaro ya bi wani babba, ya ɗauki jakarsa, a riƙa kiransa shagon wane, kafin a bar shi ya shiga fili ba. Na yi dariya har da tari. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi, don a duk tsawon saƙon nan ban ga inda ka ambaci gudu ba.

Dambe asalinsa wasan mahauta ne, kuma a zamaninmu, tun Gombe tana cikin jihar Bauchi kafin a yanke ta a 1996, ba kullum ake yinsa ba. Sai kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, auduga ta fita kasuwa, kuɗi ya zauna a aljihun manomi. Sannan rundawa su taso da makaɗan kalangu, gari gari, daga Kumo zuwa Dukku da Bajoga, wasu ma tun daga Darazo da Azare. Ka ga ke nan yawancin shekara ɗan dambe ba ya shan naushi, kansa yana hutawa. Jikin kuma ba ya zaune. Kayar da sa, fiɗa, saɓa cinya a kafaɗa daga mayanka zuwa kasuwa, noma da damina, tafiyar ƙasa cin kasuwar ƙauye. Ba wanda ya kira wannan horo, amma shi ne horon. Kai da ba ka taɓa riƙe ƙahon sa ba, dole ka nemo abin da zai tsaya a madadinsa, kuma ƙarfen da kake ɗagawa a kwance ba shi ba ne. Damtse ba ya dambe. Ƙafa da numfashi ne suke yi.

Tsoro kuwa babu wanda ya rabu da shi. Duk wanda aka kaɗa wa take bakinsa yana bushewa, fitsari yana matsarsa, ƙafa tana yi masa nauyi. Iyayenmu suna cewa faɗuwar gaba asarar namiji, amma ba su ce gaban ba ya faɗuwa ba. Abin da ke faruwa shi ne, mai tsoro yana riƙe numfashi bai sani ba, ya ɗaure kafaɗa, ya ƙone ƙarfinsa tun a turmin farko. Daga nan ka zuba ido za ka ga alamomin suna bin juna. Baki ya buɗe. Hannun garkuwa, wato wanda ba a ɗaura wa zare ba, ake kare kai da shi, ya fara sauka. Ƙafar baya ta fara jan ƙasa. Ido ya bar abokin karawa ya koma neman alƙali. Mutane su ce zuciyarsa ta karye, alhali huhunsa ne ya ƙare.

To ga abin da za ka yi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Gudu bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, kwana huɗu a mako. Ka fara da minti 20, kana ƙara biyar biyar duk mako har ka kai 40. Kada ka zabura ka ninka shi dare ɗaya, ƙwauri da gwiwa ne za su biya. Rana ɗaya cikin huɗun ka nemi tudu ko yashin kwari, ka hau da iyakar gudunka na daƙiƙa 30, ka sauko da tafiya, ka maimaita sau shida, daga baya sau goma. Wannan ya fi doguwar tafiya kama da dambe, don turmi ba gudun fanfalaki ba ne, tsayuwa ce da awo, sai fashewa farat ɗaya. Da yamma tsallen igiya, minti uku, hutun minti ɗaya, sau biyar. Sai ka tsaya tsayuwar dambe, gefe ga abokin karawa, nauyi a ƙafar baya, haɓa a ɓoye bayan kafaɗa, ka miƙa hannun garkuwa ka riƙe shi a sama minti uku ba saukewa. Za ka raina wannan sai ka gwada. Wuya ma a horar da shi: ka dafa goshi da tafin hannu ka tura, wuyan ya ƙi, ka ƙirga goma, haka ta baya da gefe biyu. Duk naushin da ka kai ka fitar da iska tare da shi. Ido kuma a sa wani ya riƙa kaɗa maka ƙyalle a fuska har ka daina rintsawa, don naushin da ba ka gani ba shi ne yake kayarwa.

Buhun da za ka daka kada ka cika shi da yashi zalla. Yashi yana kwantawa ya daskare a ƙasan buhu, ka kai masa duka da ƙarfi ka fasa hannunka. Tsumma da ƙaiƙayi ake cusawa, yashi kaɗan a tsakiya don nauyi. Ka lura da inda hannun yake sauka. In ƙarshen dunƙulen wajen ƙaramin yatsa ne yake fara taɓawa, ƙashin bayan hannu da ke bin yatsan nan shi ne mai saurin karyewa, kuma ba ya haɗewa ƙasa da mako huɗu zuwa shida. Kwana ɗaya a mako hutu ne cur. Kwana uku kafin wasa a sassauta komai. Ranar wasa kada ka cika ciki da tuwo in bai kai awa uku kafin a shiga fili ba. Ruwa kuwa ka duba fitsarinka, in ya yi ja ba ka sha isasshe ba, balle in zafin Gombe ya kama.

Zaren kansa yana da ƙa'ida. Ƙyalle mai laushi ake fara naɗawa daga wuyan hannu, a dunƙule hannun sosai, babban yatsa ya kwanta a kan sauran, a rufe. Sannan zare ya biyo, a fara da wuyan hannu don kada ya lanƙwashe, a bi a hankali, layi kusa da layi. In ya yi sako-sako zai warware a tsakiyar turmi a tsayar da wasa, hannun kuma yana motsi a ciki yana jin ciwo. In ya matse da yawa jini ya tsaya, hannu ya yi sanyi ya mutu, ka daki mutum ba ka san ka karye ba. Wasu suna ɗaura wa kansu da haƙori da hannu ɗaya, amma wanda ya san hannunka shi ya fi sanin inda zai ja da inda zai sassauta.

Akwai wata yamma a wani ƙauye a hanyar Kumo, da hunturu, ƙura ta rufe rana tun la'asar. Fili ya cika, yara a kan reshen tsamiya, masu ƙosai can gefe. Baƙi sun zo da wani ƙato, layu tun daga damtse har gwiwar hannu. Aka kaɗa masa take ya zagaya fili yana kirari, ya ƙure duk wanda ya isa. Wanda ya fito masa wani siririn bahago ne, yaron wani tsohon mahauci da ke zaune a kan buzu yana cin goro. Mu yara muna tsugune dab da buzun, komai a kunnenmu.

Turmin farko awo kawai aka yi. Ka san in bahago ya haɗu da mai dama, garkuwa tana fuskantar garkuwa, ƙafar gaba tana karo da ƙafar gaba, wanda ya iya sa tasa ta waje shi ke da hanya. Siririn nan ya iya. Duk inda ƙaton ya juya sai ya tarar yaron ya riga ya goce. 'Yan kallo suka fara ƙorafi, wai rawa aka zo yi. A turmi na biyu ƙaton ya wurgo wani naushi tun daga baya, ya sami iska, nauyinsa ya juya shi, bahagon ya sauke masa a haƙarƙari har sai da ya yi gurnani. Fili ya ɗauki ihu, kalangu ya canza murya. Ihun nan shi ya cuci yaron. Na ga lokacin da ya ɗaga haɓa ya waiwayi makaɗa yana murmushi, tsohon kuma ya tsayar da taunar goro. Da aka shiga na uku sai ya bar goce-gocen da ya kawo shi, ya tafi gaba gaɗi zai ƙarasa, garkuwa a ƙasa. Naushi ɗaya a muƙamuƙi, ya zube. An yi kisa, wato an kai shi ƙasa. Aka yayyafa masa ruwa ya tashi, ya fita da ƙafarsa, har yana dariya.

Washegari makaɗa suka saki takensa, ya taho da zarensa a hannu ya durƙusa gaban tsohon, yana so a maimaita. Tsohon ya karɓi zaren ya dube shi ya ce, me ka ci jiya da dare? Yaron ya yi shiru yana lalube. Waɗanda suka kwana zaure ɗaya da shi suka ce ya yi amai cikin dare, kuma ya yi ta tambayarsu wa ya yi kisa. Tsohon bai ƙara magana ba. Ya naɗe zaren ya ɗaga buzu ya tura ƙasa ya zauna a kai. Makaɗi ya zo har kansa yana zuba habaici, 'yan kallo suna cewa an tsorata, ƙaton yana zagaye fili yana nuna su da hannu. Yaron hawaye yake yi don haushi, yana roƙo yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Abin da tsohon ya ce kawai shi ne ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, ya ci gaba da goronsa har aka kira magariba. Duk kakar nan yaron bai ƙara sa zare ba. Da shekara ta zagayo suka sake haɗuwa da ƙaton, turmi uku babu kisa.

Kada ka ɗauka ƙauyanci ne. A 1975 a Manila, da Muhammad Ali ya kara da Joe Frazier, bayan turmi na 14 mai horar da Frazier, Eddie Futch, shi ya hana shi fita na 15 don idanunsa sun kumbura ba ya gani, shi kuwa yana cewa a bar shi. A damben zamani na 'yan koyo, wanda aka sumar ba ya komawa sai ya yi aƙalla kwana 30. Dalili kuwa, naushin muƙamuƙi yana fizgar kai ne ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙo, kuma babu zuciyar da ke hana wannan. In aka ƙara mata wani kafin ta warke tana iya kumbura, a rasa mutum. Ka riƙe waɗannan, ko don kanka ko don wani: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake shan wuya kafin a tashe shi, harɗewar harshe, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, jini ko ruwa daga kunne, jijjiga. In an ga ko ɗaya, a daren nan a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, kada a jira gari ya waye, kada a ba shi maganin barci.

Abin da ke damuna da na yanzu ke nan. Ka je gidan dambe a Kano ko Dei-Dei a Abuja, ga ɓangarorin 'yan dambe, Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa, wasa ya ƙi ƙarewa, rani da damina. An sa mota, an sa babur, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ban ƙi yaro ya samu ba, sana'a ce. Amma wanda aka kashe jiya in ka ga ya fito yau, ka san babu mai zama masa a kan zare, don mai zaman ma yana da kaso. Maganin zuciyar da wasu yaran suke nufi kuma ba a tukunya yake ba, a aljihu yake, tiramadol ne. Yana kashe zafin ciwo, sai ka yi ta daka da karyayyen hannu. Yana rage saurin ido da jiki, in ya yi yawa yana kawo jijjiga. Hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi a gasa tun 2024. Tsaga kuwa, in reza ɗaya ce ta bi hannun samari biyar, ciwon hanta da ƙanjamau ba sa tambayar ko kai shagon waye.

Zancen layu da abin da ake sha, wannan ba na waya ba ne. Ƙaton can yana da su ya yi kisa, shekara ta zagayo yana da su bai yi ba. Tsofaffi dai sun ce mai laya kiyayi mai zamani. Ka riƙe addu'o'in safe da yamma da aka koya maka, sauran in ka zo gida ma tattauna.

Kafin nan ka riƙa zuwa kallo kana zama kusa da manya, ba wajen masu ihu ba. Duk wanda ranka ya kwanta da shi, kada ka dubi kisan da ya yi, ka nemi tsofaffin yaransa ka ji yadda suke magana, ka dubi hannuwansu da tafiyarsu. In ka same shi ka kawo mini shi mu gaisa. Ka kuma faɗa wa mahaifiyarka da bakinka tun yanzu, kada ƙanwata ta fara ganinka tuɓe a wayar maƙwabta ta kira ni tana kuka.