Shin "weed out" kora ce ko tankaɗe da rairaya?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa yana yawan cin karo da "weed out" a jaridun Turanci, musamman idan ana batun ma'aikatan bogi, kuma yana son sanin ko daidai ne a fassara ta da "kora".

Malam, asalin maganar daga gona take. A Turanci, "weed" ita ce ciyawar da ta fito ba a shuka ta ba, kuma idan kalmar ta zo a matsayin aikatau tana nufin cire wannan ciyawa. Da aka haɗa ta da "out" sai ta bar gona ta shiga ofis da makaranta da barikin soja, inda take nufin bin jama'a ko tarin kaya ɗaya bayan ɗaya domin tsame waɗanda ba a so, a bar nagari.

Duk wanda ya taɓa noman gero ya san shibra, wadda tun tana ƙarama ba ta da maraba da geron kansa, sai manomi ya sunkuya ya duba da kyau kafin ya sa hannu, don kada ya tuge abin da ya shuka. Wannan dubawar ce "kora" ta rasa, domin ana iya korar ma'aikata kaf a rana ɗaya ba tare da an tantance mai laifi ba. A ganina fassarar da ta fi dacewa ita ce "tankaɗe da rairaya", ko da yake tamu daga madafa ta fito, inda gari ke wucewa tsaki ya tsaya a rariya. Idan mutane ake nufi, ana iya cewa "tsame bara-gurbi".

Wajen amfani da ita, idan abin da za a cire suna ne, yana iya zuwa a tsakiya ko a ƙarshe, amma idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya. "Weed them out" ake cewa, ba "weed out them" ba. Kada kuma a gauraya ta da "root out", wadda ta fi zafi, domin ita tana nufin bin mugun abu har saiwa a tumɓuke shi, kamar yadda ake faɗa game da cin hanci.