Shigar da babban fayil ɗin XML cikin rumbun bayanai

Ka tambayi dalilin da ya sa manhajarka take tsayawa cak idan tana zuba babban fayil ɗin XML (wani tsari na rubuta bayanai a fayil) cikin rumbun bayanai. Ina kyautata zaton salon karanta XML da ake kira DOM kake amfani da shi, wanda yake ɗora fayil ɗin gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin ya fara aiki. Ka koma ga wani salon karanta XML, wato SAX, ko kuma StAX idan da harshen rubuta manhaja na Java kake aiki, domin kaɗan-kaɗan suke karanta fayil. Ni na fi son StAX, saboda kai ne kake jawo bayanin lokacin da kake bukata. Kafin zubawa kuma, ka tantance tsarin fayil ɗin da XSD, wato fayil ɗin da yake bayyana tsarin da ya kamata XML ɗin ya bi.