Tambaya da Amsa: Wasiƙar Talla ga Mai Sana'ar Tausa

Tambaya: Ina da ɗakin tausa na mata a Aboabo, Kumasi. An ba ni shawarar aika wasiƙun talla ta gidan waya. Anya zai kawo kwastoma? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, zai kawo, amma kada ki dogara da gidan waya kaɗai. A Ghana galibin wasiƙu akwatin gidan waya suke faɗawa, akwatin kuma sau da yawa na dangi ne ko na masallaci, sai takardarki ta yi wata ba wanda ya waiwaye ta. Gara ki buga kati 200, yarinya amintacciya ta kai hannu da hannu a Aboabo, Asawase da Sawaba.

Fara da tsofaffin kwastomominki. Dokar kare bayanai ta 2012 ta ce sai da amincewar mutum a rubuce za a yi amfani da bayanansa wajen talla, don haka ki ajiye littafi su sa hannu.

Sunan mai karɓa ki rubuta shi da biro. Ambulan marar suna kwandon shara yake tafiya. A katin ki sa irin tausar, mintocinta, farashi a sidi, lambar WhatsApp, adireshin GhanaPostGPS (adireshin dijital na gidan wayar Ghana), sannan "mata zalla" da manyan baƙaƙe, don maigida ma zai karanta. Ki sa rangwame a katin, amma ya zama na mako uku kacal, in babu wa'adi ajiyewa ake yi a manta. Kada ki ce kina warkar da shanyewar ɓarin jiki.

Kowane kati ki ba shi lamba, a dawo da shi ranar zuwa, don ki gane unguwar da ta amsa. Unguwar da ta amsa, ki sake aika mata bayan mako shida.