Asalin kalmar "vindue" a harshen Danish

Ka tambaya ko "vindue", wato taga a harshen mutanen Denmark, aro ce daga "window" ta Ingilishi. A'a, Malam, Ingilishi ne ma ya ara.

Dukansu biyun daga tsohon harshen Norse suka fito, wanda Vikin, mayaƙan teku na arewacin Turai a zamanin da, suke magana da shi. Kalmar a can ita ce "vindauga": "vindr" iska, "auga" ido. Idon iska ke nan, domin tagar wancan lokaci kafa ce kawai marar gilashi, iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Turawan Ingila sun karɓe ta daga Vikin da suka zauna a ƙasarsu, ta kori tasu ta gado, "eagþyrel", ramin ido.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ɓacewar idon. A Danish na yau ido "øje" ne, domin tsohon sautin "au" ya koma "ø", "g" kuma ta yi laushi ta zama "j". Amma a cikin "vindauga" nauyin furuci yana kan gaɓar farko, sai wutsiyar ta zaizaye har ta rage "-ue".

Idan aka ƙara tonawa, "vind" dangin "ventus" ce ta Latin, "øje" kuma dangin "oculus", duk daga tushen Indo-Turai, wato tsohon harshen da ya haifi yawancin harsunan Turai da wasu na Indiya. Mutanen Suwidin kam sun ɗauki "fönster", wadda asalinta "fenestra" ce ta Latin.

"Windo" ɗin da muke faɗa a Hausa ma jikar "vindauga" ce, ta hannun Ingilishi.