Kalmar "take after" da tambayarka a kanmu 'yan Zongon Kumasi

Malam ka tambaye ni wai yaya muke yi da Turanci a nan Gana tunda yaranmu da shi suke karatu, sannan ka ƙara da cewa anya mu Hausawa ne har yanzu. Ta biyun ta ɗan sosa min rai gaskiya, amma bari in ba ka labarin wata kalma ɗaya da na koya bara, ina ga za ta amsa duka biyun.

Ni a Aboabo aka haife ni a nan Kumasi, babana ma nan aka haife shi, kakanmu ne ya zo daga Kano fataucin goro kamar yadda mutanenmu da yawa suka zo tun zamanin da ake cin kasuwar Salaga. Matata Asante ce, Musulma, iyayenta ma Musulmi ne, domin akwai Asante Musulmi tun da daɗewa ko da yake ku can ba ku cika sani ba. To bara na je makarantar 'yarmu ta fari ranar da ake kiran iyaye, malamar Turancinsu tana yabonta tana cewa yarinya ce mai natsuwa, sai ta ce min "she takes after her mother". Ni Turancina na kasuwa ne, na san take ɗauka, na san after baya, sai na haɗa su a kaina ya ba ni wai tana ɗaukar wani abu a bayan idon uwarta, wallahi gabana sai da ya faɗi, har muka fito ban iya cewa komai ba. A cikin trotro, wato motar haya, muna komawa gida na tambayi yarinyar a hankali me take ɗauka wa mamanta, ita ce ta zaunar da ni ta yi min bayani.

Ashe take after na nufin mutum ya yi kama da wani babba a jininsa, ko a fuska ko a hali. Ta ce Baba irin waɗannan kalmomin ba a raba su a fassara kowace ita kaɗai, in an haɗa su ma'anar sabuwa ce. Sai na ce ai mu ma muna da su, ci gaba ba abinci ake ci ba, haka cin amana da cin bashi da shan kashi, baƙon da ya san ci da sha kawai zai ɓata a hanya. Abin da ya fi burge ni shi ne mu ma ɗauka ɗin muke cewa, ta ɗauko uwarta, ya ɗauko halin ubansa, ko kuma ya biyo kakansa, ka ga ɗauka da bin baya duk suna bakinmu tun kafin Bature ya zo.

Ta koya min ƙa'idarta ma, kuma na riƙe. Ƙarami ne ke take after babba, uwa ba ta take after 'yarta, kuma ba a faɗa wa aboki ko maƙwabci sai na jini. Ba a tsaga ta a sa suna a tsakiya, sai dai ka faɗi kalmomin biyu a jere sannan sunan ya biyo. Kuma daban take da look after wato kula da mutum, daban da named after wato a yi wa wani takwara. Wannan ta ƙarshen ita ma ta shafe ta don sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa a gida ba mai kiran sunan sai dai Ummi.

Amma in faɗa maka gaskiya ko bayan na gane ma'anar sai wani abu ya tsaya min a zuciya, me ya sa malamar ta ce uwarta ba ta ce ubanta ba. Ka san Asante ta wajen uwa suke lissafa dangi, abusua suke ce masa, ɗa na dangin uwarsa ne, a al'adarsu ta da ma ɗan 'yar'uwa ne ke cin gadon kawunsa. Wannan shi ne abin da tsofaffinmu ke tsoro in an zo maganar auren 'yan ƙasa, kuma ku ma shi kuke jifanmu da shi, wai mun ba da 'ya'yanmu. Mu dai a gidanmu an yi wannan maganar tun kafin a kai goro, an ɗaura aure a masallaci da waliyyi da sadaki, ranar suna aka yanka rago liman ya raɗa suna, dangin uwa suka zo da nasu abin arziki aka ci tare. Surukaina ba su taɓa ja da ni a kan 'ya'yana ba ko sau ɗaya.

Na san Hausarmu ba irin taku ba ce, yaranmu sai su ce wa mace ya zo ya tafi, ga Twi yaren Asante ga Turanci a ciki, in mun je Kano da mun buɗe baki a Kwari sai a ce ga 'yan Gana. A nan kuma a 1969 da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi, 'yan'uwan kakana da yawa aka loda a mota aka kai iyaka alhali wasunsu a nan aka binne cibiyarsu, mahaifiyata har yau in ta tuna sai ta yi shiru. Can a ce mana 'yan Gana nan a ce mana baƙi, amma mu ne muka riƙe makarantar allo da Hausa a Zongo har Dagomba da Mosi da Zabarma suka ɗauke ta harshen unguwa, kokon da duk Kumasi ke sha da safe Hausa koko sunansa, waakye ma, wato shinkafa da wake, daga wake ya samo suna.

Da muka isa gida ranar na ba Hajiya mahaifiyata labari, ta saurara har na gama sannan ta ce malamar ba ta san komai ba, natsuwar ta uwarta ce ta yarda, amma ka duba yadda take tuƙa tuwo da yadda take durƙusawa in za ta gaida manya da wannan taurin kan in ta san tana da gaskiya, wannan Inna ta ɗauko sak, wato kakata da ta rasu tun ina firamare. Bayan sati biyu aka ba su aikin gida kowa ya rubuta jimla da kalmar, Ummi ta rubuta cewa ta take after kakar babanta wadda ba ta taɓa gani ba, ta karanta wa Hajiya da Turanci ta mayar mata da Hausa, Hajiya ta sa ta maimaita har sau uku sannan ta tashi ta buɗe adakarta ta ɗauko wani tsohon zanen saƙi na Inna ta ba ta.