Tambaya da Amsa: Ɗana ya canza min gaba ɗaya

Salamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa 15, da can yaro ne mai jin magana. Yanzu sai ƙarfe ɗaya na dare yake barci yana latsa waya, tashin asuba kuwa sai da faɗa. Makon jiya ya ɗauki babur ɗin yayansa suka yi ta tsere da abokai. Ko sammu aka yi masa?
Wata uwa, Funtuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ƙwaƙwalwarsa ce ke kan ginuwa. Ɓangaren da ke bayan goshi, mai auna abin da zai biyo baya da danne zuciya, shi ne ke gama ginuwa a ƙarshe, sai wajen shekara 25. Shi kuwa ɓangaren son daɗi da yabo tun balaga yake ci da wuta, musamman idan abokai na kallo. Kamar babur ne mai ƙarfin inji wanda birkinsa bai gama ɗauruwa ba. Tseren nan ya tsorata ni sosai: ku ɓoye makullin, kada ku dogara da alkawarinsa.

Barcin ma ba taurin kai ba ne zalla. Bayan balaga, sinadarin melatonin mai kawo barci kan yi jinkirin fita da dare, ga shi yaro kamarsa yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wayar ta kwana a ɗakinki, ya riƙa ƙailula bayan azahar.

Ki yi masa faɗa ku biyu, ba gaban abokansa ba. In kuwa ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ko kika ga alamar shaye-shaye, ku je asibiti.