Amsa: Sauya jadawalin aiki a sashen masu taɓin hankali

Sista, kin ce za a mayar da sashenku a Gusau daga aikin awa 8 zuwa awa 12, kina tambayar abin da zai biyo baya.

Miƙa aiki zai ragu daga sau uku zuwa biyu a rana, wannan riba ce, don a nan bayani ke salwanta. Matsalar tana awannin ƙarshe. Wanda ya gaji shi ke tsallake leƙa majinyacin da aka ce a duba duk minti 15, ko ya kasa lura da wuyan da ya sandare bayan allurar haloperidol, wani maganin taɓin hankali. Kada a jera wa mutum dare fiye da uku.

Kafin ku amince, ku ƙirga hannu. Riƙe majinyacin da ya harzuƙa yana son mutum biyar: ɗaya a kai, huɗu a gaɓoɓi. In dare nas biyu ne da mai gadi, wa za a kira? A rubuta wanda za a kira, musamman yanzu da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sanya wa hannu a 2023 ta tsaurara batun ɗaure majinyaci.

Kuma kada a kwashe tsofaffin ma'aikata lokaci guda. Su suka san take-taken kowane majinyaci. A gwada sabon jadawalin wata uku tukuna.